Allurar MOTS-c da 'yan uwanta: abin da aka gani a jikin ɓera da abin da ake sayar wa mutum

A 'yan shekarun nan wuraren motsa jiki sun yawaita a Jidda da Makka da Madina, musamman tun da gwamnatin Saudiyya ta sa a cikin shirinta na 2030 cewa za ta ɗaga yawan masu motsa jiki ko da sau ɗaya a mako daga kashi 13 cikin ɗari zuwa kashi 40, kuma ta fara ba wa wuraren motsa jiki na mata lasisi a 2017. Duk inda nadi, wato wurin motsa jiki, ya buɗe, kasuwar garin magani da ƙwaya da allura tana biyo bayansa, kuma sabon kayan da ya shigo wannan kasuwa shi ne abin da masu sayarwa ke kira feftayid na mitokondiriya, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne MOTS-c. Alkawarin da ake yi a kansa uku ne: yana narkar da teɓa, yana saukar da suga, yana kuma ƙara wa mutum juriya a filin gudu ko na ƙwallo. Masu sauraron wannan alkawari a cikin Hausawan ƙasar nan kashi biyu ne. Akwai samarin da suka tashi suna ganin sunan Hausawi, laƙabin dangin Hausawa a Saudiyya, a bayan rigunan 'yan wasan ƙasa, suna fatan su ma wata rana a kira su, akwai kuma iyayensu da ciwon suga ya kama, a ƙasar da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya fiye da miliyan huɗu ne ke fama da shi.

Abin da ya sa maganar ke da wuyar warwarewa shi ne ba ƙarya ce zalla ba. MOTS-c abu ne na gaske da ke cikin jikin kowannenmu, kuma binciken da aka yi a kansa bincike ne mai kyau da ya fito daga hannun masana na ƙwarai. Sai dai abubuwa uku ne mabambanta suka taru ƙarƙashin suna ɗaya: akwai sinadarin da jiki ke ƙerawa da kansa, akwai maganin da aka yi ƙoƙarin haɗawa a kamfani ta hanyar kwaikwayonsa, akwai kuma 'yar kwalbar da ake aikowa ta intanet. Mai talla yana ɗauko darajar na farko ya liƙa wa na uku, ya yi shiru a kan abin da ya faru da na biyu.

Sai an fara da ita mitokondiriyar kanta kafin sauran bayani ya zauna. Jikin mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan jakunkuna, wani lokaci ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi abin da aka samu daga abinci, wato suga da kitse, su haɗa shi da iskar da muka shaƙa, su fitar da wani sinadari mai suna ATP wanda da shi tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke aiki. Tsokar zuciya da tsokokin ƙafa suna cikin wuraren da suka fi yawan su, domin aikinsu na cin kuzari da yawa. Abin mamaki game da mitokondiriya shi ne tana da nata kundin gado daban da wanda ke cibiyar ƙwaya. Kundi ne ƙarami mai siffar zobe, haruffansa 16,569, wanda aka kammala karanta shi a Kambirij ta Ingila a 1981, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Masana sun yi bayanin wannan da cewa asalinta wata ƙwayar bakteriya ce mai zaman kanta da ta shige cikin wata ƙwaya tun a zamani mai nisa ƙwarai, suka ci gaba da zama tare, ra'ayin da Lynn Margulis ta tsaya a kansa tun 1967 aka daɗe ana musu kafin a yarda.

Shekara da shekaru ana koyar da cewa wannan ƙaramin kundi furotin 13 kacal yake bayar da umarnin ƙerawa, dukkansu sassan injin samar da kuzari, sauran ƙwayoyin gado 24 kuma kayan aiki ne na ƙera waɗannan. An ɗauki mitokondiriya tamkar madafar gida, wadda ake aika mata cefane ta fito da abinci, ba ta da ta cewa a sha'anin gidan. Abin da aka gano daga baya shi ne madafar ma tana aika saƙo zuwa ga maigida, tana shaida masa cewa itace ya yi ƙasa ko tukunya ta cika, kuma yana canza tsarin gidan saboda saƙon. Feftayid ɗin da ake magana su ne waɗannan saƙonni. Shi feftayid ba wani abu ba ne illa gajeren furotin, wato 'yan amino asid da aka jera a sarƙa. Insulin da masu suga suka sani shi ma daga wannan dangi yake, amino asid ɗinsa 51.

Na farko da aka gano shi ne humanin, a 2001, a ɗakin binciken Ikuo Nishimoto na jami'ar Keio da ke Japan. Suna neman abin da ya kare wani sashe na ƙwaƙwalwar mai cutar mantuwa ta tsufa daga lalacewa, sai suka ci karo da wata sarƙa mai amino asid 24 wadda umarnin ƙera ta ke ɓoye a cikin kundin mitokondiriya, a wurin da ba a taɓa zaton akwai umarnin furotin ba. Wannan ya sa wasu suka koma suna tona kundin da kyau. A 2015 Changhan Lee da Pinchas Cohen na jami'ar Kudancin Kalifoniya suka bayyana MOTS-c, mai amino asid 16, a 2016 kuma wannan rukuni ya ƙara bayyana wasu guda shida da ake kira SHLP. Humanin da waɗannan shida har yanzu maganarsu ta fi yawa a ɗakin gwaji. MOTS-c ne ya fito kasuwa, saboda abin da ya taɓa shi ne abin da kowa ke so a taɓa masa.

Yadda yake aiki ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane dalilin zumuɗin da kuma dalilin taka-tsantsan. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari mai suna AMPK wanda aikinsa shi ne auna yawan kuzarin da ya rage. Idan ATP ya yi ƙasa, kamar lokacin da mutum ke gudu ko ya daɗe bai ci abinci ba, AMPK yana farkawa ya ba da umarni iri biyu: a dakatar da ayyukan da ke cin kuzari, irin su tara kitse, a kuma buɗe hanyoyin samo shi, wato a jawo suga daga jini zuwa cikin tsoka, a fara ƙona kitsen da aka ajiye, a kuma ƙera sababbin mitokondiriya idan abin ya ɗore. Binciken 2015 ya nuna cewa MOTS-c yana toshe wata hanya da ƙwaya ke sarrafa sinadarin folet, wannan toshewa ta sa wani sinadari mai suna AICAR ya taru, shi kuma AICAR ya tayar da AMPK ko da kuzarin bai ƙare ba. Wato yana sa tsoka ta ɗauka cewa aiki ake yi. A 2018 aka ƙara gano cewa idan ƙwaya ta shiga matsi, misali suga ya yanke mata, MOTS-c yana shiga har cikin cibiyarta ya taɓa yadda ake karanta babban kundin gado. Wannan babban abu ne a ilimi, domin kafin nan an ɗauka cewa umarni daga cibiya kaɗai yake fitowa.

A jikin ɓeraye sakamakon ya burge. Waɗanda aka ɗora wa abinci mai maiƙo ƙwarai ana yi musu allurar MOTS-c ba su yi ƙibar da 'yan uwansu suka yi ba, kuma jikinsu ya ci gaba da jin insulin yadda ya kamata. Sannan a 2021 rukunin Lee ya wallafa binciken da masu talla suka fi ɗaukowa. Sun yi wa ɓeraye masu wata 2 da masu wata 12 da masu wata 22 allurar, suka ɗora su a kan na'urar gudu, kuma dukkansu sun fi waɗanda ba a yi wa ba. Tsofaffin, waɗanda shekarunsu ke daidai da na mutumin da ya manyanta sosai, sun kusan ninka tsawon gudunsu, har suka wuce matsakaitan ɓerayen da ba a yi wa komai ba.

A cikin wannan binciken akwai ɓangaren mutane, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Samari goma ne lafiyayyu waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka sa su tuƙa keken da ke tsaye wuri ɗaya, aka ɗebi jininsu da ɗan yankin tsokar cinyarsu kafin da bayan aikin. MOTS-c na cikin tsoka ya ninka kusan sau 12, na cikin jini ya ƙaru da kusan rabi, bayan awa huɗu na hutu na jinin ya koma yadda yake. Ba a yi wa ko ɗaya daga cikinsu allura ba. Abin da aka tabbatar a jikin mutum shi ne motsa jiki yana haifar da MOTS-c. Abin da mai sayarwa ke faɗa kuma shi ne MOTS-c yana haifar da amfanin motsa jiki. Waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne, kuma ta biyun a ɓera kaɗai aka nuna ta. Motsa jiki yana tayar da ɗaruruwan sinadarai a lokaci guda, yana buɗe jijiyoyin jini, yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana canza barci da cin abinci, saboda haka ware guda ɗaya daga cikinsu a ce shi ne sirrin, magana ce da ke buƙatar hujja mai ƙarfi.

Akwai wata alama daga mutane da ta fi jan hankalina. A gabashin Asiya ana samun wasu mutane da suka gaji wani ɗan canji a harafi ɗaya na kundin mitokondiriyarsu, wanda ke sa nasu MOTS-c ya zama mai rauni. Binciken da aka yi a kan dubban Japanawa ya nuna cewa maza masu wannan canji sun fi shiga haɗarin ciwon suga, amma abin ya fi fitowa a cikin waɗanda ba sa motsa jiki. Wannan yana ƙarfafa cewa sinadarin yana da aiki na gaske a jikin ɗan Adam, yana kuma nuna cewa aikin nasa a ɗaure yake da abin da mutum ke yi da ƙafafunsa. Ma'aunin yawansa a jini kuwa har yanzu bai zauna ba, domin wasu bincike sun same shi ƙasa a jikin masu suga ko masu ƙiba, wasu ba su ga hakan ba, kuma kayan awon da ɗakunan gwaji ke amfani da su suna ba da adadi masu nisa da juna. Don haka duk wanda ya ce ya yi tahlili, wato gwajin jini, ya ga nasa ya yi ƙasa yana buƙatar ciko, a tambaye shi da wane ma'auni ya auna.

Abu na biyu shi ne maganin kamfani, wanda labarinsa gajere ne. Wani kamfanin Amurka mai suna CohBar, wanda Cohen yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya haɗa wani sinadari mai kama da MOTS-c da aka gyara domin ya fi dacewa da zama magani, aka sa masa suna CB4211. An gwada shi a kan mutum 20 masu ƙiba da kitsen hanta na tsawon mako huɗu, wasu ana yi musu maganin wasu ana yi musu allurar da babu komai a cikinta, aka fitar da sakamako a 2021. Wasu alamomin lafiyar hanta a jini sun gyaru, suga ya ɗan sauka, amma kitsen hantar kansa ya ragu kusan daidai a ɓangarorin biyu, kuma kumburi a wurin allura ya zama matsalar da ta yi ta maimaituwa. Maganin bai wuce wannan mataki ba. Wannan shi ne mafi kusancin da aka yi da gwajin MOTS-c a matsayin magani a wancan lokaci, kuma mutanen da suka fi kowa sanin sinadarin, suka fi kowa son ya yi nasara, su ne suka yi shi.

Masu sayarwa kan haɗa wani sinadari a cikin jerin, wato SS-31 ko elamipretide, alhali shi ba daga mitokondiriya ya fito ba. Ƙirar hannu ce mai amino asid huɗu, wadda Hazel Szeto da Peter Schiller suka samar, tana shiga cikin mitokondiriya ta manne da wani kitse mai suna kadiyolifin da ke riƙe da tantaninta na ciki. Tarihinsa yana koyar da abu mai yawa. Shi ma ya yi abin mamaki a jikin dabbobi, amma da aka gwada shi a kan mutum 218 masu ciwon tsoka na gado da ke da nasaba da mitokondiriya, na tsawon mako 24, bai ƙara musu nisan tafiyar da suke yi a cikin minti shida ba fiye da allurar da babu magani. Sai a watan Satumba na 2025, kusan shekara ashirin bayan gano shi, hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi izini na gaggawa domin wata cuta guda mai suna Barth, wadda galibi yara maza take kamawa, kuma masu ita a duk Amurka ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Izinin ma da sharaɗin a ci gaba da gwaji ne. Idan mutanen da mitokondiriyarsu ke da lahani tabbatacce ba su ga ƙarin juriya ba a babban gwaji, da wuya in ga hujjar da lafiyayyen saurayi zai kafa ya ce shi zai gani.

Abu na uku shi ne kwalbar. Na ga irinta a hannun wani saurayi a wani nadi a kudancin Jidda, ya fito da ita daga jakar wasansa yana nuna wa mai horar da su. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, murfinta na roba da zoben ƙarfe, a gindinta ɗan farin gari da ya daskare wuri ɗaya, a jikinta an rubuta miligiram 10, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa na Turanci cewa domin bincike ne kawai, ba domin jikin mutum ba. Ya ce, "Kabtin, wannan ba irin homon ɗin da ake kamawa ba ne, jiki ne ke yin sa da kansa." Mai horarwar, dattijo ne da ya haura hamsin, ya juya kwalbar ya ce masa, "Ɗana, idan jikinka na yin sa, me ya kai ka saye? Kuma tun yaushe take cikin jakar nan?" Tun la'asar take, a bayan mota, a watan Agusta.

Wannan rubutu na ƙasa ba ado ba ne, da shi mai sayarwa ke wanke hannunsa. Babu wata hukumar magunguna, har da hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, da ta yi wa MOTS-c rajista a matsayin maganin wata cuta, shi ya sa ba za a same shi a saidaliyya, wato kantin magani, ba. Maganin da aka yi wa rajista akwai mai duba masana'antar da ta yi shi, akwai mai tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki kuma da yawansa, akwai gwajin da ke nuna babu ƙwayar cuta ko dafin da matattun bakteriya ke bari, wanda idan ya shiga jini yana kawo zazzaɓi da rawar ɗari. Kwalbar intanet ba ta bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ba, takardar tsafta da ake turowa da ita kuma daga hannun mai sayarwar take fitowa. Ko magungunan da ke da rajista ba su tsira daga jabu ba, domin a 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun alƙaluman allurar Ozempic, wani maganin suga, da aka zuba wa insulin, a 2024 kuma hukumar lafiya ta duniya ta fitar da gargaɗi a kan irinsu. Sannan ga zafin ƙasar nan. Busasshen garin yana da ɗan juriya, amma da zarar an zuba masa ruwa sai firiji, kuma kayan da ya kwana a sito, ya yini a motar mai kai saƙo a garin da zafin rani ke haura digiri 45, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya rage a cikinsa.

Lissafin adadin ma bai haɗu ba. A gwajin gudu, ana yi wa ɓeraye miligiram 5 ko 15 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum. Idan aka bi ƙa'idar da masu haɗa magunguna ke bi wajen mayar da adadin ɓera zuwa na mutum, wato a raba da kusan 12, babban adadin zai zo wajen miligiram ɗari a rana ga mai kilo 80, kwalba goma ke nan kowace safiya. Abin da ake rubuta wa masu saye bai kusanci wannan ba, kuma bai fito daga wani gwaji ba. Kada a fahimci wannan a matsayin kira ga ƙara yawa, domin ba a auna illar ƙaramin adadin ba balle babba. Abin da lissafin ke nunawa kawai shi ne sakamakon ɓeran da ake tallatawa da jadawalin allurar da ake sayarwa ba su da wata alaƙa sai suna.

Hujjar cewa jiki ne ke yin sa, saboda haka ba zai cutar ba, ita ce ta fi saurin shiga kai, kuma ita ce mafi rauni. Jiki ne ke yin insulin, amma allurarsa fiye da kima tana kashewa cikin awoyi. Akwai kuma wani haɗari na musamman ga duk furotin da aka yi a waje aka sa a ƙarƙashin fata: idan yana da datti ko ya dunƙule, garkuwar jiki tana iya ɗaukarsa baƙo ta haɗa makaman yaƙarsa, makaman kuma ba sa bambance na kwalba da na jiki. An ga haka a wajen shekarar 2000 da wani nau'in EPO, maganin ƙarin jini da ake yi wa masu ciwon ƙoda, inda wasu marasa lafiya jikinsu ya daina ƙera jajayen ƙwayoyin jini gaba ɗaya, kuma wannan magani ne na babban kamfani mai rajista. Tarihin neman motsa jiki a cikin ƙwaya ma yana da nasa tabon. A 2008 ɗakin binciken Ronald Evans a Kalifoniya ya nuna cewa AICAR ya ƙara wa ɓerayen da ba sa atisaye juriyar gudu da kashi 44 cikin ɗari, tare da wani sinadari mai suna GW1516 da shi ma ya yi tasiri. Shi na biyun kamfanin da ya yi shi ya watsar da shi saboda ya haifar da ciwon daji a sassa da dama na jikin dabbobin gwaji, amma har yau ana sayar da shi ga masu ɗaga ƙarfe da sunan mai ƙona kitse.

Ga mai ciwon suga, damuwata ta fi karkata ga abin da zai bari fiye da abin da zai ɗauka. A unguwanninmu na Makka da Jidda akwai waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta samu tangarɗa ko ba su da inshorar lafiya, zuwa asibiti ya zama musu abin da ake jinkirtawa, kuma irin waɗannan ne maganin da ake kawowa har ƙofa ya fi ruɗa. Alhali hanyar AMPK ɗin da ake ta zuzutawa akwai tsohon magani mai arha da ke taɓa ta, wato metformin, wanda ake ba masu suga tun ƙarshen shekarun 1950, kuma an san amfaninsa da illarsa ciki da bai. A babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002, an bi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, metformin ya rage kamuwar da kashi 31 cikin ɗari, yayin da rage ƙiba kaɗan tare da tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako suka rage ta da kashi 58. Ko a cikin dangin feftayid akwai wanda ya bi hanya ya isa, wato semaglutide, wanda aka gwada a kan mutum 1,961 na mako 68 domin rage ƙiba, sannan a kan fiye da 17,000 domin a ga abin da yake yi wa zuciya. A ɗora waɗannan adadi kusa da mutum 20 na mako huɗu. Wanda kuma ke shan maganin saukar da suga ko yake allurar insulin, ya ƙara wani abu da aka ce shi ma yana saukarwa ba tare da likitansa ya sani ba, ya jefa kansa cikin haɗarin faɗuwar suga, musamman a watan azumi da ake yini babu ci.

Game da yawaitar mitokondiriya a tsoka kuwa, tun 1967 John Holloszy ya nuna cewa gudu na makonni yana kusan ninka sinadaran aikinta a tsokar ɓera, kuma an tabbatar da haka a jikin mutane sau da dama tun daga lokacin. Samarin da ke tura keken tsofaffi a ɗawafi da sa'ayi, inda zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, suna tayar da AMPK ɗinsu a kowace rana ta aiki ba tare da sun san sunansa ba.

Saura ɗan wasa, wanda shi hukuncinsa a rubuce yake. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta AICAR tun 2009, kuma daga farkon 2024 ta ambaci MOTS-c da sunansa a cikin jerin abubuwan da ke tayar da AMPK, waɗanda aka hana a lokacin gasa da wajen gasa. Kwamitin Saudiyya mai kula da wannan sha'ani da wannan jeri yake aiki, kuma yana iya ɗaukar fitsari ko jinin ɗan wasa mai rajista a filin atisaye ba tare da sanarwa ba. Ƙa'idar ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba, ko mai horarwa ne ya ba shi ko aboki, kuma rukunin da MOTS-c ke ciki hukuncinsa yana kai wa dakatarwar shekara huɗu. Ba sai an same shi a fitsari ba ma, domin mallakarsa ko yunƙurin amfani da shi laifi ne mai zaman kansa a dokar. Akwai kuma wani sashe na jerin da ya haramta duk wani sinadarin magani da babu hukumar da ta amince a yi wa mutum amfani da shi, saboda haka sauya suna zuwa humanin ko wani sabon harafi ba ya fitar da kowa. Saurayi mai shekara 19 da aka dakatar shekara huɗu zai dawo yana da 23, bayan waɗanda suka shiga ƙungiyar matasa tare da shi sun riga sun sa hannu a kwantiragi, kuma a tsawon wannan lokaci ba a yarda ya yi ko da atisaye da ƙungiyarsa ba sai a 'yan watannin ƙarshe.